Kin Sauke Tukunya?

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa har inda kike. Ina fata kin tashi lafiya, sanyin can bai kama miki ƙirji ba. Mu nan lafiya lau. Baba da sauƙi, gwiwar ta daina kumbura, tarin ne dai yana nan, wannan mai fitowa biyu a jere sai ya ce "ash" a ƙarshe. Yana shan magani in na tsaya a kansa, in na juya baya ya tura ƙarƙashin filo.

Yanzu fisabilillahi Yaya, a ce ni da ke sai ta imel? Kocinki ya ce ki rufe duk shafukanki har a gama gasa, na ji, amma har da ni? Na manta lambar sirrin abin nan ma, sai da mai gyaran waya ya buɗe mini yana yi mini dariya. To tunda wasiƙa kika zaɓa, ki gyara zama, kin san ban iya gajeren zance ba.

Mun gan ki jiya! Na haɗa waya da talabijin, na zaunar da Baba a kujerarsa. Kin san me ya fara kallo? Ciyawa. 'Yarsa ta cikinsa tana tsaye a babbar gasar golf da duniya ke kallo, shi yana cewa, "Auta, dubi yankan nan. Shekara talatin ina yankan fili ban taɓa fitar da layi haka ba." Sai da kika buga ƙwallon farko, ta tashi ta sauka ɗas a tsakiya, sannan ya bar zancen ciyawa, ya cire hula ya mayar. Maƙwabciyarmu mai kitso ta leƙo, ta ga lambar da ke gaban sunanki ta fi ta wasu ƙanƙanta, ta fara ba mu haƙuri, wai Allah ya sa gobe ki fi haka. Na ce Anti, a wasan nan mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Ta ce to ai da ba ki buga ba gaba ɗaya da kin cinye.

Bari in zo kan abin da ya hana ni cin abinci. Wace ce wannan doguwar? Na san kin ce kamfanin da ya ɗauki nauyinki zai ba ki mai ɗaukar jaka wadda ta san filin, tunda fasfona bai fito ba, kuma babu mai zama da Baba. Na ce to. Amma ba ki ce mini za a rubuta sunanki, sunan Babanmu, ɓaro-ɓaro a bayan rigarta ba. Ni da na fara ɗaukar jakarki tun jakar ta fi ni tsawo, ko a takarda ba a taɓa manna mini sunan nan ba, alhali nawa ne ma. Ita daga zuwa. Ta riƙe miki lema, ta goge miki ƙwallo, ta sunkuyo tana yi miki raɗa a kunne. Me take cewa? Kuma a rami na tara na ga kin yi mata murmushi. Na mayar da bidiyon baya na sake dubawa, murmushi ne, har da haƙora.

Ba wai ina jin haushi ba ne. Tambaya ce kawai. Na dai bincika ta, na ga shafinta, duk hotunan ita da wani kare ne. Ba ta da fara'a ko kaɗan. Tafiya take yi kamar an aiko ta yanke wuta.

Ni ina nan a filinmu. Sarkin Jaka, shugaban namu na masu ɗaukar jaka, ya haɗa ni da tsohon Likitan nan mai zuwa buga wasa. Yau duk ƙwallon da na ba shi kududdufi ta nufa, ya ce iska ce. Yaya, ko ganye ba ya motsi.

Ki ci abinci. Ki sa safa biyu. Ki ba ni amsa.

Autarki

*

Auta,

Na amsa sallama. Ina lafiya, sanyin da sauƙi. Ki gaishe da Baba, ki riƙa ɗaga filon kullum da safe. Ki ce masa na ga masu yankan ciyawar, injinsu ko ƙara ba ya yi.

Ba ni da lokaci sosai. Yau aka sallami rabin 'yan wasa, ina cikin waɗanda suka rage, ni ce ta uku a allo. Doguwar da kike faɗa ta daɗe tana aiki a filin nan, ta san inda kowace ƙwallo ke gangarawa. Raɗar da kike gani nisa take gaya mini da inda iska ta dosa, shi ke nan. Ba ta magana sai na tambaye ta. Ban taɓa samun shiru a fili irin wannan ba.

Hankalina kwance yake tunda kina gida.

Kada ki jira amsa kafin a gama, koci ya ce in ajiye wayar gaba ɗaya. Ku yi mini addu'a.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da mai shirunki. Baba yana gaishe ki. Na ɗaga filo na sami ƙwayoyi kamar mai shirin buɗe kemis, na tsare shi ya sha na yau.

Na karanta wasiƙarki. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. "Hankalina kwance yake tunda kina gida." To madalla. Ashe duk shekarun nan tayar miki da hankali nake yi ban sani ba. Ashe ruwan da ya riƙa dukana da jakarki a kafaɗa, da ranar da ta mayar da ni kamar gawayi, duk surutu ne kike ta haƙuri da shi. Da kin faɗa tun tuni ai da na koyi kitso wajen Anti, a inuwa.

Amma bari in tuna miki wani abu, tunda shiru ya sa kin fara mantuwa. Gasarki ta farko, rami na ƙarshe, bugu ɗaya ya rage ki ci. Kina ta buɗe maɗaurin safar hannunki kina rufewa, kyat, kyat, kyat. Ni kuma a lokacin na tuna mun ɗora tukunya a risho kafin mu fito, tsakanina da Allah na ce, "Yaya, kin sauke tukunya?" Kika juyo kika yi tsaki, dariya ta ƙwace miki, kafaɗunki suka sauko, kika tura ƙwallon ta faɗa. Muka koma gida da kofi muka tarar da hayaƙi. Tukunyar tana nan, Baba na zuba ƙusoshi a ciki. Tun daga ranar, duk sanda na ji kyat-kyat ɗin nan na san tsoro ya zo, kuma na san abin da zan tambaya. Wannan ma surutu ne ko?

Yau a rami na sha shida kin taɓa maɗaurin. Na gani. Doguwa na tsaye tana kallon sama tana auna iska. Ba ta sani ba. Kuma ba za ta sani ba, don ba daga bakina za ta ji ba. Kin dai yi sa'a ƙwallon ta faɗa.

Ban hana ki yabonki ba, kin yi wasa yau. Ke ce ta ɗaya, kin ba wadda ke biye da ke, mai jar hular nan, ratar bugu biyu, saura gobe kawai. Baba ya miƙe tsaye babu sanda. Anti ta yi guɗa har aka leƙo daga waje. Sai ga masu sharhi suna ta nuna Doguwa, wai haɗin ya yi kyau, wai kamar tare kuka taso. Tare kuka taso! Na kusa jifan talabijin da silifas.

To ƙwararriyar taku dai ta yi abin kunya. A rami na sha huɗu, lokacin da kika fara gyara tsayuwa za ki buga, tana tsaye a bayanki, saitin ƙwallo da tutar ramin, kamar mai duba miki ko kin miƙe. Sai da kika kafa ƙafafu sannan ta matsa. Yaya, an hana wannan! Kwanan baya Sarkin Jaka ya tara mu ya ja mana kunne a kai. Gajere, abokin aikinmu, ya yi wa Likita haka, nan take Sarkin Jaka ya karɓe rigarsa ya tura shi gida, Likita ya ƙarasa wasansa da wani mai jakar, ko a jikinsa. Mu da ba mu ƙware ba ma mun san wannan.

Daga nesa kamarar ta ɗauko, can gefen allo, masu sharhin ba su lura ba. Amma wani bawan Allah ya lura. Ya ɗauka ya ɗora, ya zagaye ta da jan layi, ya rubuta "a duba mai jakar nan." Ban san ko wane ne ba, sabon shafi ne, ko hoto babu. Allah dai ya yi masa albarka. Yanzu haka ana ta turawa, na ga har da masu rubuta labarin wasanni.

In suka karɓe rigarta kada ki damu, na kwana ɗaya kowa zai iya riƙe miki jaka. Na leƙa ofishin fasfo kuma, sun ce ya kusa.

Ƙanwarki mai surutu

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Baba lafiya. Ni ce ba lafiya ba.

Na tashi da safe na buɗe allon sakamako don in ƙara kallon sunanki a sama, sai na ga ratar babu. Ke da mai jar hula kun yi kunnen doki. Na ce wayar ce, na kashe na kunna. Na ce masu allon ne suka yi kuskure. Ko shayi ban sha ba na tafi fili, na sami Sarkin Jaka yana rarraba riguna. Na nuna masa, na ce Baba Sarki, an yi wa Yaya sata. Ya sa tabarau ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Ya ce, "Bugu biyu aka ƙara mata. Laifin mai jakarta a rami na sha huɗu."

Na ce to ai mai jakar za a kora.

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ke Auta, nan wasan nishaɗi ake yi. In na ƙara wa Likita bugu biyu gobe zai zo? Shi ya sa nake korar yarana. A gasa babu ruwan kowa da mai jaka. Duk abin da mai jaka ya yi, ɗan wasa ne ya yi." Ya ce wanda ya ɗora bidiyon nan ko dai maƙiyinki ne ko kuma jaki. Na ce wataƙila bai sani ba ne. Ya ce to jakin ke nan.

Ban iya ɗaukar jakar Likita ba, na ce cikina ke ciwo, na koma gida. Masu sharhi suka ce ba alƙalai ne suka kira ki ba. Wai ke da ƙafarki kika je wurinsu, ke da Doguwa, kika ce a duba, in laifi ne a rubuta miki. Suna ta yabonki. Me ya kai ki, Yaya? Da kin yi shiru wa ya sani ko da sun bari?

Mun kalla har ƙarshe. Kin sha gaban mai jar hula, ta kamo ki. Kin faɗa ramin yashi kin fito kamar ba ke ba, Baba ya ce, "'Yata ce." Har kuka zo rami na ƙarshe, ita ta jefa tata daga nesa, filin ya ɗauki ihu. Saura ke. In taki ta faɗa, ku sake karawa. Tazarar ba ta fi daga kujerar Baba zuwa ƙofa ba, irin wadda kike jefawa ido rufe in muna wasa da yamma.

Sai na ga hannunki ya tafi kan safar. Kin buɗe, kin rufe. Kin buɗe, kin rufe. Doguwa ta ja can gefe, nesa sosai, ta harɗe hannu a baya kamar wadda aka yi wa faɗa. Kika ɗan juya kai hagu, inda nake tsayawa. Ban san sanda na durƙusa gaban talabijin ba, na ƙwala, "Yaya, kin sauke tukunya?" Anti ta zabura ta yi kicin a guje. Ta dawo tana cewa babu komai a kan wuta, ta tarar kin riga kin buga.

Ƙwallon a bakin ramin ta tsaya. Wallahi da wani ya yi atishawa da ta faɗa.

Mai jar hula ta ɗaga kofi. Ke ta biyu, da bugu ɗaya. Baba bai yi makaranta ba amma ya iya wannan lissafin, ya ce, "Da ba a ƙara biyun nan ba, da ɗaya za ta ci." Ya ce in kashe. Kafin in kashe na ga Doguwa tana kuka, ke kina bubbuga bayanta, daidai kan sunanmu. Ko a wannan halin sai da abin ya soke ni, kin ga irin zuciyar da nake da ita.

Wanda ya ɗora bidiyon ya goge. Amma an riga an kwafa, ko'ina na buɗe ina ganin jan layin nan.

Ki rubuto ko da zagi ne.

Auta

*

Yayata,

Gaisuwa kuma. Ban san ko kina buɗe abin nan ba. An gama gasa tun tuni, na ga kin buɗe shafinki, kin gode wa kamfani, kin gode wa koci, kin gode wa Doguwa, kin gaishe da Baba. Na karanta har ƙasa, na danna "ƙarin bayani" ko akwai saura. Babu. Na tura miki saƙo ya shiga, ba ki buɗe ba. Na kira, ta yi ta ringin.

Gwiwar Baba lafiya. Jiya Likita ya zo duba shi, da kansa, har da 'ya'yan itace. Suna hira sai ya ciro waya, ya ce bari ya nuna wa Baba bidiyon da ya jawo abin. Ni na ɗora shi ne ban saurara ba, hoton kawai nake kallo. Ashe da sauti. Yaya, ana jin fankarmu, wannan ƙaƙas-ƙaƙas ɗin. Sannan aka yi tari biyu, aka ce "ash."

Likita ya kalli wayar, ya kalli fanka, ya ce yana da marasa lafiya suna jiransa.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ɗaga filo da kansa, ya ɗauko maganin, ya ce, "Ba ni ruwa, Auta. Tunda duniya ta ji tarina, gara in sha."

Ni ce, Yaya. Na san kin sani. Ita na nufa, ba ke ba. Na ɗauka rigarta za a karɓe kamar ta Gajere, ki waiwaya ki ga babu kowa, ki tuna da ni. Na san wannan ma ba magana ba ce. Ita ce dai gaskiyar.

Wayar tana cikin tukunyar ƙusoshi tun jiya. Da ta Anti nake rubuta wannan.

Auta

*

Auta,

Lafiyata ƙalau. Na ji daɗi Baba na shan magani. Ki gode wa Likita.

Na sani tun safiyar ranar. Doguwa ce ta kawo mini bidiyon wajen karin kumallo, ta ce ita ce, ba ta lura ba, mu je wurin alƙalai. Kina tambaya me ya kai ni. Baba ne ya koya mana, in ƙwallonki ta motsa a cikin ciyawa babu wanda ya gani, ke kin gani. Ko ba ki ɗora ba, da na sani zan je. Wannan ba shi ne ciwon ba.

Ciwon shi ne ta danna bidiyon, kafin in ga jan layin na ji fankarmu. Na ji Baba. Na yi kewar ɗakin nan har na fara murmushi, na ɗauka gaisuwa kuka aiko mini. Haka na buga rami goma sha takwas da wannan a ƙirjina.

A na ƙarshe na juya hagu, kin gani daidai. Ina jin haushinki kamar in shaƙe ki, kuma ke nake jira ki tambaye ni tukunya.

Maganar da kika riƙe kuma. Na ce hankalina kwance yake tunda kina gida. Wa zan bar wa Baba? Wa ya san yana ɓoye magani, wa zai iya sa shi dariya in gwiwar ta tashi? Don kina wurinsa ne na iya tsayawa a kan ƙwallo ban yi tunanin gida ba. Shirun kuma gaskiya ne, kina da surutu, kin taɓa amsa waya ina tsakiyar bugu. Ban taɓa cewa ba na so ba.

Doguwa tana nan, ba zan sallame ta ba. Ta so ta ajiye aikin, na hana. Ta yi kuskure ɗaya ta kawo shi da hannunta. Matsayi na biyun ya ba ni gurbi a manyan gasannin baɗi, ina buƙatar wadda ta san filayen nan, ke ba ki san su ba. Ki ji wannan da kyau don kada ki sake karanta abin da ban rubuta ba.

Ta tambaye ni ko na san wanda ya ɗauki bidiyon, don ta ji ana magana da yarenmu a ƙarshensa. Muryarki ce, kina cewa "kalle ta, kalle ta." Na ce ban san ta ba.

Tunda aka haife ki ban taɓa cewa ban san ki ba. Shi ya sa na kasa ɗaukar wayarki.

Ban huce ba tukuna.

Yaya

*

Yayata ta kaina,

Na gaishe ki. Baba ya ce in gaishe ki, tarin ya ragu, yanzu ɗaya yake yi babu "ash." Ya ce kin buga ta ƙarshen da sanyin hannu, ba laifin ciyawa ba ne.

Na karanta, wannan karon abin da kika rubuta kawai na karanta. Ba zan ce ki huce ba. Kofin ba zan iya dawo miki da shi ba, na duba dokar a wayar Anti ko ana ɗaukaka ƙara, ba a yi.

Abu ɗaya nake da shi, ga shi. Ki kira Doguwa ki fassara mata wannan, kada ki rage komai.

Ke Doguwa. Ni ce na ɗauki bidiyon, ni ce ƙanwarta, ki yi haƙuri. Karenki yana da kyau. Ki saurara: in kika ji tana buɗe maɗaurin safar hannu tana rufewa, kyat-kyat, tsoro ne ya kama ta, ko da fuskarta ba ta nuna ba. Kada ki gaya mata nisa a lokacin, ta sani. Kada ki ce ta kwantar da hankali, ƙara rikicewa take yi. Kada kuma ki ja gefe ki yi shiru, ranar nan kin yi nisa da yawa. Ki matso ta hagu, ta hagu na ce, ba ta baya ba. Ki ɗaure fuska kamar da gaske, wannan ba zai ba ki wuya ba. Ki tambaye ta, "Kin sauke tukunya?" Za ta yi tsaki. Ki jira kafaɗunta su sauko, sannan ki ba ta wuri. Ba sai kin san ma'anarsa ba, ki haddace kawai.

Shi ke nan, Yaya. Ba ni da wani abin da ita ba ta da shi yanzu. Na rubuta ina kuka, Anti na cewa in ba ta wayarta kada in jiƙa.

Alfarma ɗaya. Ki ce mata ta tsaya a "kin sauke tukunya." Kada ta sa "Yaya" a gaba. Wannan ku bar mini.

Autarki

*

Auta,

Lafiya lau. A gaishe da Baba da Anti.

Na karanta mata duka. Na ce mata ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ta ce ashe kin ga karen.

Ta haddace. Ta gwada yau wajen atisaye, fuska a ɗaure, ta hagu. Na yi tsakin. Dariyar ce ba ta zo ba, ba ta san warin hayaƙin ba.

Jakar tata ce. In fasfonki ya fito, Anti ta zauna da Baba mako ɗaya, ki zo ki tsaya bayan igiyar 'yan kallo, ta hagu. Na san muryarki za ta iso.

Wayar ki bar ta a cikin tukunya.

Yayarki